Ramin Bututu a Gindin Bango: Mayar da Ƙasa Ma Aiki Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da masu gidaje da magina da masu aikin famfo na Zariya da kewaye, tun damina ba ta kankama ba. Ni magini ne, a cikin sana'ar na yi furfura, daga ɗaukar kwano na fara har Allah ya sa na riƙe aiki da leburori a ƙarƙashina. Maganata a kan rami ce, ramin da ake haƙawa a binne bututu a gindin bango, da yadda ake mayar masa da ƙasarsa.

Duk wanda ya zaga Tudun Wada, Gyallesu, Hanwa, Samaru, ko sababbin unguwannin da ke tasowa ta wajen Dakace da Gwargwaje, zai ga haƙa ake ta yi. Wannan ya yi rijiyar burtsatse zai ja ruwa zuwa tanki, wancan zai haɗa gidansa da babban layin famfo, wani kuma ruwan banɗaki zai kai sokawe. A duk waɗannan ayyuka akwai mai haƙa, an yi ciniki da shi. Akwai mai haɗa bututu, shi ma an yi ciniki da shi. Mayar da ƙasa kuwa ba ta da mai ita. Sai rana ta yi sanyi, kowa ya gaji, hankali ya koma kan sallama, sannan a ce wa yara biyu su tura ƙasar su rufe. Su kuwa su tura duk abin da shebur ya ɗauko: ƙulallen laka, fasasshen bulo, leda, guntun katako, su tattaka da ƙafa, a watse. Mai gida ya fito ya ga wuri ya yi lebur, ya buɗe famfo ruwa ya zo, ya yi godiya ya biya.

Ƙasar Zariya ba iri ɗaya ba ce, kowane magini ya sani. A kan tudu za ka tarar da jar ƙasa da marmara, wani wurin diga ma sai ta yi tartsatsi. Amma da ka gangara wajen Kubanni ko Galma, ko duk inda a da fadama ce ake noman rake da kayan lambu, baƙar laka ce mai danƙo. Ga kuma tsofaffin kududdufai na cikin gari da aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Halin laka kuwa sananne ne: in ta sha ruwa ta kumbura ta yi laushi, in ta bushe ta tsuke ta tsattsage, har yaro ya iya zura hannu a tsagar. Mu kuma shekararmu rabi biyu ce, daga Mayu zuwa Oktoba ruwa, wanda yakan kai wajen milimita 1,000, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sannan wata shida na hunturu da bazara kusan babu ruwa. Harsashin gini yana iya jure wannan in ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana jiƙa tana bushewa gaba ɗaya. Abin da ba ya jurewa shi ne wani ɓangare ya jiƙe sharkaf, wani ɓangaren yana bushe. Ramin bututu da ba a daɓe ba kuwa aikinsa ke nan, ya zaɓi gefe ɗaya na gida ya riƙa shayar da shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Laka in aka haƙo ta, girmanta yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokacin ma fiye, saboda ta farfashe ta zama ƙulalle da iska a tsakani. Shi ya sa in ka mayar da ita sai ka ga ta yi saura, ko da an cire wurin da bututun ya ci. Leburori sukan kwashe saurar su zubar, alhali kuwa cikin ramin rabi ƙasa ne rabi kogo. Ruwan farko ya sauka, ƙulallen su narke, cikon ya lotsa, sai ga kwari ya miƙe daidai tsawon bango. Kwanon rufi kuma a nan yake zubar da nasa. A yi lissafi: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, a damina mai milimita 1,000, zai zubo lita 100,000, wato duro 500 na lita 200. In babu abin tare ruwa a bakin kwano, duk wannan a gindin bango yake sauka, kuma ga rami an tanadar masa.

Sai dai wanda ya fi damuna ba wannan ba ne, domin wannan ganganci ne da ido yake gani. Wanda ya fi damuna shi ne na masu ƙoƙari, waɗanda suka ji an ce laka ba ta da kyau sai su sayo tifar yashi su cika ramin da shi tun daga ƙasa har sama, suna ganin sun kyauta. A cikin jar ƙasa mai tsotse ruwa wannan ba laifi. A cikin laka kuwa babbar matsala ce. Gefen ramin laka ne, ƙasansa laka ne, ruwa ba ya ratsa su sai a hankali ƙwarai, yashi kuma ruwa yana shiga cikinsa ba shamaki. Kamar ka cika randa da yashi ne ka tuttula ruwa: a sama ka ga bushe, ƙasa kuwa ruwa yana kwance. In ramin yana da gangara, ruwan zai bi ta cikin yashin ya tafi inda ya fi zurfi, kuma sau da yawa inda ya fi zurfin shi ne daidai inda bututu ya nutsa zai shiga ƙarƙashin gida. Ka ga an yi wa harsashi lambatu a ɓoye, yana kwaso ruwa daga tsakar gida, daga bakin titi, daga gindin tanki mai ambaliya, yana kawowa wuri ɗaya. Ba wanda zai gani, domin sama lafiya lau take, wani ma ya shafe ta da siminti.

An taɓa kirana wani gida a gangaren Hanwa, ginin bulo ne mai kyau, bai daɗe ba. Bangon ɗakin uwargida ya tsage daga kusurwar taga, tsagar tana sauka tana bin layin bulo hawa-hawa, ƙofa ta daina rufuwa, fenti yana kumbura daga ƙasa da farin gishiri-gishiri a jiki. Mai gidan ya riga ya yanke hukunci: birkila ya ci masa siminti. Wata tsohuwa a gidan kuma ta ce sammu ne, har an yi turare. Na ce a ba ni guntun rodi. A tsakar gida na buga, da ƙyar ya shiga. Na matso gindin bangon na danna da hannu kawai, sai ya nutse kusan rabinsa, da na zaro shi ga ruwa yana ɗiga, ga yashi a jiki, kuma a watan Nuwamba ne, ruwa ya ɗauke. Da aka tona sai ga bututun banɗaki yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da harsashi, tazarar ba ta kai taku ɗaya ba, kuma ya fi harsashin zurfi. Birkilan da aka yi ta zagi a bayan idonsa ba shi da laifin komai.

Akwai wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, yanzu yana karatun injiniya a ƙasar Turai mai tsananin sanyi, yakan turo mini hotunan ayyukansu ta waya. Su can ruwan zafi suke binnewa. A birane irin su Mosko, da ƙasashe irin su Denmark, inda kusan kashi biyu cikin uku na gidaje suke samun ɗumi ta wannan hanya, ana dafa ruwa a tasha guda a tura shi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje domin ɗumama ɗakuna, ya huce ya komo ta wani bututun. Bututun ƙarfe ne, an lulluɓe shi da soso mai riƙe zafi, an sa masa rigar baƙar roba. Matsalarsu ta fi tamu yawa. Ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi, wajen milimita 1.2 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100, saboda haka dole yashin da ke kewaye da shi ya zama tatacce kuma daɓaɓɓe, ya riƙe shi ba tare da ya yage rigar ba. In soson ya jiƙe, zafi ya tsere. In zafi ya tsere cikin laka a gindin gini, sai ya busar da ita ta tsuke, harsashi ya zauna. Ga ƙanƙara da take daskarar da ƙasa, har a wasu garuruwan Kanada bututun ruwan sha sai an kai shi zurfin fiye da mita 2. Mu Allah ya hutar da mu daga ƙanƙara, sanyin hunturunmu kaskon wuta da bargo sun ishe shi. Amma abin da na lura da shi a hotunan, yashi kewaye da bututu kawai suke sawa, a shimfiɗa kirtanin roba mai launi a sama domin gargaɗin mai haƙa na gaba, inda bututu zai shiga bango kuma a toshe shi tam yadda ruwa ba zai biyo shi ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗan Zazzau.

Farkon abin dubawa tazara ce. Nauyin gini ba ya sauka a miƙe kawai, yana bazuwa ta gefe a ƙarƙashin harsashi, a karkace. Ƙa'idar da injiniyoyi suke bi mai sauƙi ce: iyakar yadda ramin ya fi ƙasan harsashi zurfi, iyakar yadda zai nisance shi ke nan, ko fiye. In ƙasan harsashinka yana zurfin santimita 60, ramin kuma zai kai mita 1 da santimita 20, to bambanci santimita 60 ne, kada bakin ramin ya matso kusa da gefen harsashi fiye da haka. Ni a laka ba na yarda da ƙasa da mita guda. Dokar gini ta Ingila ma cewa ta yi ramin magudana da ya zo cikin mita 1 daga harsashi kuma ya fi shi zurfi, a cika shi da kankare har zuwa daidai ƙasan harsashin. Na san filayenmu na yanzu, mutum ya gine fili kaf, tsakaninsa da maƙwabci ɗan lungu ne da akuya ma sai ta karkace. To in babu makawa sai ta lungun, a haƙa gaɓa-gaɓa, a gama wannan a rufe kafin a buɗe na gaba, kada a bar harsashi tsirara tsawon bango guda, balle a kwana a haka a watan Agusta.

Shi kuwa cikon, a fara gyara ƙasan ramin a cire duwatsu, a ba shi gangara mai barin gida, ba mai nufo shi ba. A shimfiɗa yashi mai kaurin inci 4, a kwantar da bututu, a cusa yashi ta gefe da gefe da hannu ko da sanda har ya zauna daram, domin bututun roba da gefensa yake ɗaukar nauyi, in gefen kogo ne sai ya lotse. A rufe shi da yashi inci 6. Iyakar aikin yashi ke nan. Daga nan sai ƙasa, a fasa ƙulallen, a tsince dutse da shara, a zuba inci 6 a daɓe, a ƙara inci 6 a daɓe, har a zo sama. Ba sai da inji ba. Guntun gungume da aka kafa wa mariƙi, ko gwangwanin fenti da aka cika da kankare aka soka masa sanda, ya wadatar a ramin gida. Na saman ƙarshe ya zama laka ce zalla, a yi mata tozo ta ɗara ƙasar wurin, ruwa ya riƙa gangarewa yana barin bango.

Ga kuma abin da kusan ba wanda yake yi a garin nan: toshiya. Kamar mita ɗaya kafin bututu ya iso bango, a yanke yashin gaba ɗaya. A kwaɓa laka mai danƙo, irin wadda maginan tukwane suke so, a cika ramin da ita tun daga ƙasa har sama, tsawon kamar taku biyu, a danna ta ta rungume bututun, a ɗan shigar da ita cikin gefen ramin hagu da dama. Ruwan da ya biyo yashi in ya zo nan ya tsaya. In ramin dogo ne kuma a gangare, a ƙara wata toshiyar a tsakiya, a yi wa ruwan mafita nesa da gini. Lakar da aka raina aka kwashe aka zubar ita ce maganin, kuma kyauta ce, daga ramin ta fito.

Inda bututu zai ratsa bango kuma, kada a kama shi da siminti ƙam. Gini yana motsi, ƙasa tana motsi, kowa da nasa. A sa guntun bututu mai faɗi ya zama hannun riga, a bar sarari kamar inci 2 kewaye, a cusa abu mai laushi a toshe saboda ɓera da kyankyaso. Yawancin yoyon da ake samu a gindin bango daga nan yake, bututu ya karye a daidai inda aka ɗaure shi, ya yi ta tsiyaya shekara da shekaru ba a sani ba.

Akwai wata al'ada da nake so a bari. Wai a tura ƙasa a saka tiyo a cika ramin da ruwa, "zai zauna da kansa". A yashi wannan yana ɗan yi. A laka kuwa taɓo kawai ka haɗa, ka kuma jiƙa harsashi da hannunka, in ya bushe ya tsuke ya bar tsaga. Daɓe yana son danshi ne daidai wa daida. Wani injiniya a Amurka, Ralph Proctor, shi ya fitar da gwajin wannan a 1933, har yau ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna koyonsa, kuma a manyan ayyuka akan nemi ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na abin da gwajin ya nuna. Amma iyayenmu mata sun riga shi sani a aikace. Duk wanda ya taso a cikin birni ya ga ranar daɓen ɗaki, matan unguwa sun taru da madaɓai, ana yayyafa ruwan makuba kaɗan-kaɗan ana bugu ana waƙa, ba mai tuttula ruwa. Gwajin hannu ya isa: ka dunƙula ƙasar, in ta ruguje ta bushe da yawa, in ta manne a tafi tana ƙyalli ruwa ya yi yawa, in ta dunƙule ka karya ta rabu biyu tsaf, to ta yi. Da rani a fasa ta a yayyafa mata ruwa tun daren jiya a rufe da buhu. A tsakiyar damina in ta zama taɓo, a haƙura da ita a sayo jar ƙasa.

Masu ja da baƙin bututun roba mai naɗi daga burtsatse su ma su kula. Wannan roba tana miƙewa wajen milimita 0.2 a kowace mita kan kowane digiri ɗaya. In ta sha ranar Maris aka ja ta tsaf aka binne, ta huce da digiri 20, to mai tsawon mita 30 za ta tsuke da kusan santimita 12, ta fizge mahaɗa. A kwantar da ita tana ɗan lanƙwasa, a rufe da sassafe, kuma a saki ruwa a gwada kowace mahaɗa kafin ƙasa ta hau.

Abin yana ba ni takaici ne saboda garin da muke. Nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, da ƙasa da azara, har masana gini na duniya suna zuwa kallo. Maginan da ba su san siminti ba, amma sun san ruwa. Indararo dogo suke sawa ya jefa ruwa nesa, su yi wa gindin bango dakali, su bi shi da yaɓe kafin damina. Mu da muke da siminti da rodi mun ɗauka ƙarfinsu ya ɗauke mana wannan kula.

Roƙona ga masu gidaje, ranar ciniki a ware kuɗin ciko daban, a faɗe shi da baki, a ce yashi kaza, daɓe hawa-hawa, toshiya a gindin bango. Leburan da aka biya kuɗin haƙa kawai ba za a zarge shi ba in ya tura ya tafi, shi ma cikinsa yake nema. Kada a yi cikon da magariba, a bar shi ya zama aikin safiya, kuma mai gida ko wakilinsa ya tsaya a kai. 'Yan uwana magina da masu famfo kuma, in mai gida ya ce a bi ta gindin bango don a rage tsawon bututu, a gaya masa gaskiya, kuɗin bututu biyu ko uku da zai rage ba zai sayi buhunan simintin gyaran tsaga ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu na sana'a su sa wannan cikin abin da ake koya wa yara kafin a yaye su.

Wanda kuma aka riga aka yi masa aikin, ya ɗauki guntun rodi ya bi layin bututunsa yana dannawa, musamman inda ya shiga gida. In ya nutse ba wahala, ko ya ga wurin ya lotsa, ko simintin da aka shafe a kai ya tsage yana amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa, to a tona mita biyun da ke kusa da bango yanzu da ƙasa take bushe, a duba mahaɗa, a sa toshiyar laka, a sake cikawa hawa-hawa. Darbejiya ko mangwaro da ke kusa da layin shi ma a duba saiwarsa, domin sako-sakon ciko mai danshi take bi har ta shiga bututu.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani tsohon magini,
Tudun Wada, Zariya.